Sharhinmu na Yau: Idan Dambu Ya Yi Yawa

Sharhinmu na yau zai kai mu Amurka, garin Anaheim da ke kudancin jihar Kalifoniya, inda dandalin shaƙatawa na Disneyland yake. Sai dai a bakin ƙofa za mu ci birki, wurin masu yankar tikiti, domin a nan ne aka shafe sama da shekara goma ana tafka muhawara a kan wani ɗan kati da ake kira katin shekara. Mutum ya biya kuɗi sau ɗaya, ya riƙa shiga har shekara ta zagayo. Duk lokacin da kamfanin Disney ya ƙara wa katin nan kuɗi, dalilin da ake ji shi ne wuri ya cika, ana so a rage jama'a. Masu katin kuma su ce a'a, an dai ga sun saba ne, ana tatsarsu. To, ina gaskiyar take?

Cunkoso ya girmi katin shekara a wannan wuri. Ranar da aka buɗe shi, Lahadi 17 ga Yulin 1955, biki ne na 'yan gayyata da manema labarai kawai. Amma wasu suka buga katin gayyata na jabu, wasu suka haura katanga, har mutum kimanin 28,000 suka cika wurin, kusan rabinsu 'yan gayyar soɗi. Kwaltar da aka zuba ba ta gama bushewa ba, ga rana ta take, tsinin takalman mata sai nutsewa yake. Masu aikin famfo sun yi yajin aiki dab da bikin, aka ce wa mai wurin, Walt Disney, ya zaɓi ɗaya, ko famfunan ruwan sha ko ban ɗaki, ya zaɓi ban ɗaki. Abinci ya ƙare a shaguna. Ma'aikatan kamfanin da kansu suka raɗa wa ranar suna Baƙar Lahadi. Tun daga ranar farko ke nan masu wurin suka gane cewa jama'a idan ta yi kaɗan asara ce, idan ta yi yawa kuma abin kunya ne.

A wancan zamani dala 1 babban mutum ke biya a ƙofa, sannan kowane lilo ko jirgin wasa da nasa kuɗin. Daga baya aka fito da ɗan littafin tikiti mai haruffa, daga A na ƙananan wasanni har zuwa E, wanda aka ƙaro a 1959 domin manyan wasannin da kowa ke rububi. Wannan tsari da kansa yake raba jama'a. Idan tikitinka na E ya ƙare, dole ka koma kan ƙananan wasanni, ka bar wa wani layi. A 1982 aka soke littafin, aka ce biya ɗaya a ƙofa ya isa, hau duk abin da kake so, sau nawa kake so. Ba a jima ba katin shekara ya biyo baya.

Hikimar katin a fili take. Dandali irin wannan yana cin kuɗi kullum, ko da baƙi ko babu. Wutar lantarki, albashin ma'aikata, gyaran injina, duk ba su san Talata ta bambanta da Asabar ba. Kowane direban mota ya san kujerar da ta bar tasha babu fasinja ta tafi ke nan. Saboda haka aka nemi maƙwabta, mutanen Los Angeles da kewayenta, aka ce ku biya kuɗin shekara a dunƙule cikin rangwame, ku zo ku cike mana ranakun da ba kowa. Kamfani ya karɓi kuɗinsa tun gaba, wanda ya shigo kuma ba zai fita bai sayi ko da lemo da gugguru ba. Da tafiya ta yi tafiya, aka ba mazauna Kalifoniya damar biya wata-wata, kamar mai zubin adashi. Nan fa katin ya shiga hannun wanda a da ba zai iya tara kuɗin a lokaci guda ba.

Maganin sai ya fi ƙarfin cutar. Sama da mutum miliyan 18 ke zaune a Los Angeles da garuruwan da ke kewaye da ita. Kamfanin ba ya bayyana yawan masu katin, amma masu bin diddigin harkar sun yi ƙiyasin sun kai miliyan guda kafin annobar korona. Kuma ba a ranakun da babu kowa kaɗai suke zuwa ba. Mutum ya tashi aiki da yammacin Juma'a, ya ja motarsa shi kaɗai, ya cinye gurbin ajiye mota ɗaya, ya shiga ya yi awa uku, ya kalli wasan wuta, ya koma gida. Ya san kowane lungu, ya san lokacin da layi ke raguwa, ya san inda zai kafa ya tsare tun kafin jerin gwano ya fito. Gefe guda ga magidancin da ya yi shekaru yana tari, ya ɗebo iyali daga wata jiha mai nisa, ya kama ɗaki a otal, ya sayi tikitin kwana uku. Shi ne zai ƙare a bayan layi, yaro a kafaɗa, yana kallon agogo.

Sai kamfani ya ɗauko bulalar farashi. A watan Oktoban 2015 ya soke babban katinsa na dala 779, ya maye gurbinsa da guda biyu. Ɗaya dala 849, amma ba ya aiki na kusan mako biyu a lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara. Ɗayan, mai aiki kowace rana, dala 1,049, karo na farko da katin Disneyland ya tsallake dala dubu. A watan Fabrairun 2016 aka juya kan tikitin yini, aka kasa shi gida uku: dala 95 a ranakun da ba kowa, dala 105 a ranakun tsaka-tsaki, dala 119 a ranakun rububi. Wanda ya taɓa shiga mota ana jajibirin salla ya san irin wannan lissafi.

Shin jama'a ta ragu? Ƙiyasin da masu nazarin masana'antar ke fitarwa duk shekara ya nuna kimanin mutum miliyan 18 ne suka shiga Disneyland a 2015, a 2019 kuma adadin ya haura miliyan 18 da rabi. Dalili ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san halin ɗan Adam. Wanda ya zuba dala dubu a kan kati ba zai ajiye shi a aljihu ba, sai ya fanshe kuɗinsa. Ƙarin kuɗin ya kori marasa ƙarfi, ya kuma zaburar da waɗanda suka rage su ninka zuwa. Ranakun da aka toshe wa ƙananan katuna ma matsar da cunkoson kawai suka yi. Ranar ƙarshe kafin a toshe da ranar farko bayan an buɗe, wurin ba masaka tsinke.

A 2019 kuma aka ga ɗaya fuskar. Ranar 31 ga Mayu aka buɗe sabon sashe na fim ɗin Star Wars, wanda aka yi shekaru ana jira. Don gudun turmutsutsu, kamfani ya ƙara farashi, ya toshe wa masu kati da yawa ranakun bazara, ya ce sai da rajista za a shiga sashen a makonnin farko. Mutane suka tsorata, kowa ya ce bari a huce. Aka wayi gari tituna fayau, har shugaban kamfanin na lokacin, Bob Iger, ya amsa cewa tsoron cunkoso ya hana mutane zuwa. Wato an ja linzamin da ƙarfi har dokin ya tsaya cak.

Annobar korona ce ta ba kamfani damar da bai taɓa samu ba. An rufe Disneyland ranar 14 ga Maris 2020, ba a sake buɗewa ba sai 30 ga Afrilun 2021. Ana cikin rufewar, a watan Janairun 2021, aka sanar da soke katin shekara ɗungurungum, tsarin da ya kusa shekara 40. A watan Agusta aka dawo da shi da sabon suna, Magic Key, hawa huɗu: dala 399 na mazauna kudancin Kalifoniya kaɗai, dala 649, dala 949, sai na ƙoli mai suna Dream Key a kan dala 1,399. Babban abin da ya sauya shi ne kati kaɗai ba ya buɗe ƙofa. Dole mutum ya shiga intanet ya kama gurbi na ranar da yake so tun da wuri. Wanda ya kama gurbi bai zo ba har sau uku cikin kwana 90, a hana shi kama wani na kwana 30.

A nan ne rigima ta kai kotu. An tallata Dream Key a matsayin katin da ba shi da ranar hani. Wata mata ta biya dala 1,399, ta je kama gurbi na watan Nuwamban 2021, ta tarar fiye da rabin kwanakin watan a rufe, ciki har da duk ranakun ƙarshen mako. Ta duba ɓangaren masu sayen tikitin yini, ta ga waɗannan ranaku a buɗe suke. Ma'ana wurin bai cika ba. An ware guraben ne gida biyu, na masu kati ya ƙare, na masu sabon kuɗi yana nan. Ta shigar da ƙara a madadin duk masu irin katinta. A 2023 kamfani ya amince ya biya dala miliyan 9.5 a yi sulhu, ba tare da ya amsa laifi ba. Da aka cire kuɗin lauyoyi aka raba sauran wa mutum sama da 100,000, kowa ya tashi da kimanin dala 67. Kafin nan ma an janye Dream Key a 2022, an kawo Inspire Key a kan dala 1,599, an kuma rubuta ranakun haninsa ɓaro-ɓaro. Kuɗin sulhun ba komai ba ne a wurin Disney, amma darasin babba ne: alkawari kaya ne.

Masu sauraro, adalci ya sa mu saurari kamfanin shi ma. Mu yi lissafi. Mai katin dala 1,399 idan yana zuwa sau ɗaya a mako, kowane zuwa ya faɗo masa ƙasa da dala 27. Baƙon da ya sayi tikitin yini a wannan lokaci ya biya daga dala 104 zuwa sama, kuma shi ne mai kwana a otal, mai cin abinci sau uku a ciki, mai sayen tsaraba. Bob Chapek, wanda ya shugabanci kamfanin daga 2020 zuwa 2022, bai ɓoye ba. Ya faɗa wa masu zuba jari cewa baƙon da ya zo daga nesa ya yi kwanaki ya fi mai katin shekara kawo riba, ya kuma kafa hujja da iyalin da ba sa zuwa sai bayan shekaru, waɗanda ya ce bai kamata a mayar da su daga ƙofa ba. Wannan magana akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Wuri yana da iyaka. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma inda yara suka yi yawa turmutsutsu ba abin wasa ba ne.

Inda hujjar ta fara rawa shi ne batun layi. Tun 1999 akwai wani tsari mai suna FastPass, kyauta ne ga duk wanda ya shiga. Ka karɓi 'yar takarda mai ɗauke da lokaci, ka tafi yawonka, idan lokacin ya yi ka dawo ka shiga ta gajeren layi. A ƙarshen 2021 aka soke shi, aka kawo na kuɗi, wanda ya fara da dala 20 a kan kowane mutum a yini. A watan Oktoban 2024 aka ƙaro wani na alfarma a kan dala 400 a yini, ban da kuɗin shiga. To, lilo ba ya ƙara gudu don an biya kuɗi. A ƙaddara wani wasa yana ɗaukar mutum 1,000 a awa, kai kuma akwai mutum 600 a gabanka. Idan layi ɗaya ne, minti 36 za ka jira. Idan aka ware kujeru 700 a kowace awa ga masu biya, layinku ya koma 300 a awa, jiranka ya zama awa 2. Lokacin da mai kuɗi ya saya, daga naka aka yanka masa. Kuma kamfanin da ke sayar da tsallake layi, ranar da layi ya ɓace wannan haja ta mutu. Da wuya mai sayar da laima ya yi addu'ar ɗaukewar ruwa.

Ba a ce farashi ba ya korar jama'a ba. Yana kora, idan aka tsananta. Kamfanin Six Flags, mai dandaloli da dama a Amurka, ya gwada a 2022. Shugabansa na lokacin, Selim Bassoul, ya ce arahar katin ta mayar da wuraren tamkar gidan renon matasa mai sauƙin kuɗi, ya ɗaga farashi, ya rage rangwame. Jama'a ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara guda, kuɗin da kamfanin ke samu ma ya ragu, aka dawo ana lallashin waɗanda aka kora. A Japan kuwa, masu tafiyar da Disneyland ta Tokiyo sun bi wata hanya. Sun dakatar da katin shekara a 2020, suka koma sayar da tikiti mai ɗauke da kwanan wata, farashi na hawa da sauka, har na ranakun rububi ya wuce yen 10,000 a 2023. Akwai tsada, amma wanda ya riƙe tikitin ya san ranarsa, ya san zai shiga.

Shi kansa Bob Iger, da ya dawo kan kujera a ƙarshen 2022, ya amsa a watan Maris 2023 cewa wataƙila kamfanin ya zafafa wajen ƙarin farashi. Aka ƙara yawan ranakun tikiti mai sauƙi. Duk da haka, a watan Oktoban 2024 tikitin yini na ranar rububi ya kai dala 206, babban katin shekara kuma dala 1,749. A shekarar, mafi ƙarancin albashi a Kalifoniya dala 16 ne a awa. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai yi aikin kusan awa 13 kafin ya sayi tikitin mutum ɗaya na irin wannan rana, babban katin kuma sai ya yi aikin awa 109. Walt Disney ya sha ba da labarin cewa tunanin gina wurin ya zo masa ne yana zaune a kan benci a wani lambu a Los Angeles, yana cin gyaɗa, 'ya'yansa mata biyu suna hawa lilo, ya ce ya kamata a sami wurin da iyaye da yara za su yi nishaɗi tare. A ƙarshen 2024 uba da uwa kaɗai dala 412 ne a ranar rububi, ba a zo kan yara ba.

Abin da tarihin nan na shekara 70 ya nuna shi ne akwai ayyuka biyu da ake cakuɗawa da gangan. Rage cunkoso aikin ƙidaya ne: a san mutum nawa wuri zai ɗauka cikin walwala, idan adadin ya cika a rufe ƙofa. Farashi kuwa aikinsa zaɓen wanda zai kasance cikin adadin. Tsarin kama gurbi ya tabbatar da cewa kamfani yana iya ƙidaya idan ya ga dama, har ya san tun kafin gari ya waye ma'aikata nawa zai fito da su. Saboda haka idan aka ƙara kuɗi, aka kuma bar wurin a cike maƙil, sunan abin ciniki, kuma ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya nemi riba. Laifin shi ne a lulluɓe ribar da mayafin tausayin baƙi. Taura biyu ba ta taunuwa: ba zai yiwu ka karɓi kuɗin shekara daga maƙwabcinka, sannan ka riƙa fatan kada ya zo ba.

Masu katin su ma da nasu. Kati na rangwame ne, kuma rangwame yana zuwa da sharaɗi. Wanda ke shiga sau hamsin a shekara bai kamata ya ga laifin a ce ya ɗaga ƙafa ranar da mai zuwa sau ɗaya a rayuwa ya iso ba, muddin an gaya masa haka kafin ya zaro kuɗinsa.

Mu ma nan gida mun san yadda wuraren wasan yara da gidajen namun daji ke cika a ranakun salla, su koma shiru sauran shekara. Duk mai irin wannan wuri da ke tunanin fito da katin wata ko na shekara, ya fara sanin iyakar abin da wurinsa zai ɗauka. Ya rubuta ranakun da katin ba ya aiki da manyan baƙaƙe a inda mai saye zai gani. Ya saukar da farashi sosai a ranakun da ba kowa, domin mai ƙaramin ƙarfi ya sami ranarsa. Kada kuma ya sayar da gurbin da ba shi da shi. Kai kuma mai saye, kafin ka biya, ka ƙirga sau nawa za ka je da gaske, ka raba kuɗin, ka karanta sharuɗɗan da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, ka tambaya ko katin zai shigar da kai ranar da yaranka suke hutu. Idan amsar a'a ce, riƙe kuɗinka.